Rumbun da Gara Ba Ta Ci

Gara ta cinye littafin ƙungiya.
Lissafin riɗi na shekara bakwai,
wa ya kawo tiya nawa, wa ya ɗauki taki bashi,
ta bi ta tsakiya, ta bar mana bango biyu.
Da muka zauna gindin tsamiyar Mai Unguwa Barau
kowa ya tuna abin da yake bi,
ba wanda ya tuna abin da ake bin sa.

Aka ce a sayo kwamfuta, ta ɗorawa a cinya.
Kuɗin buhu shida, an ƙulle a leda,
aka damƙa mini, ni da Ɗanjummai,
ɗan ƙanwata mai cajin waya a bakin tasha.

Na san sayen akuya a Maigatari:
ka buɗe baki, ka taɓa ƙugu, ka duba kofato.
A shagon nan na Gumel ban ga ina bakin yake ba.
Mai shago ya jera uku.
Ya ce wannan bana ta fito,
siririya, kamar faifan rufe ƙwarya.
Ɗanjummai na tambayar ƙwaƙwalwa, takwas ce ko sha shida,
da girman rumbunta.
Ni tambayata ɗaya:
awa nawa take yi babu wuta?
Don turakun garinmu shekara tara suna tsaye,
hasbiya kaɗai ke morar su.
Muka bar kyakkyawar, muka ɗauki mai jimiri.

A gida, kan tabarma, yara sun yi mana shinge.
Ta buɗe ido ta fara tambaya kamar baƙon da ya sauka da dare:
wace ƙasa ce nan? Wa ke da ni?
Agogonta ya ce hantsi,
ladan kuwa yana kiran la'asar.
Muka gyara mata rana.

Ta nemi yatsana.
Na ɗora babban, sau uku, ta ce ba ta ga kowa ba.
Lauje ya riga ta, ya shafe zanen tun tuni.
To, kalmar sirri.
Ɗanjummai ya ce ban da ranar haihuwa,
na ce ka huta, ni ma ban san ta ba.
Na sa sunan wani jakin babana
da ya mutu shekarar fara.
Mutum biyu suka san shi, ɗayan yana ƙasa.

Sai ta ce za ta sabunta kanta, kar a kashe ta.
Sabuwa fil, jiya daga kwali!
Muka hau da ita soron Barau inda sabis ke leƙowa,
ta sha data ta dubu uku tana ƙirga,
talatin da ɗaya cikin ɗari, talatin da ɗaya,
har muka yi magariba muka dawo, talatin da biyu.

Washegari na rubuta riɗi, ta ba ni ridi.
Na rubuta ƙasa, ta ce kasa.
Haruffanmu masu ƙugiya ba su cikin kayanta.
Yaron ya tono su a wani lungu nata,
ɗ ta fito da lanƙwasarta,
na ji kamar an kira ni da sunan gida.

Inna Tasalla ce farkon shiga: tiya arba'in da ɗaya.
Ta leƙa gilashin ta ce,
wannan gara ba ta cin sa?
Ɗanjummai ya sosa ƙeya.
Ya ce ita ma tana da tata garar,
ba a ganin ta, ta waya take shigowa.

Ran kasuwa na sayi sabon littafi
da akwatin ƙarfe.
Yanzu komai sau biyu nake rubutawa.