Hula Ta Uku

A Hanoi babur ya fi inuwa yawa,
hular kwano kuwa ba ta zama inda aka bar ta.

Ta farko, a madubi na rataye ta,
bakin kasuwar Dong Xuan,
na shiga sayen barkono da lemon tsami.
Ko ciniki ban tsaya yi ba.
Na fito, madubi na kallona,
ni ma ina kallonsa, kai tsirara.
Kafin gida ɗan sanda ya karɓi nasa rabon.

Ta biyu, na ce na yi wayo.
Na ɗaga kujera, na danne igiyar, na kulle,
na tafi ina taƙama kamar mai ɗaure akuya a turke.
Ashe reza ba ruwanta da makulli.
Guntun igiya na tarar yana lilo,
kamar harshen yaro mai gwalo.

Tsohuwa Nhan, mai gadin babura,
wadda ke rubuta lamba da alli a kan kujera,
ta yi dariya har allin ya faɗi.
Ta ce, Khiem, ɓarawo ma ido gare shi,
mummuna ba ta shiga kasuwa.

Sai na miƙa wa 'yata ta uku, da gwangwanin fenti.
Ta zana agwagwa mai ƙafa uku,
da rana kore, da sunana a karkace.
Na sayi wayar ƙarfe mai kauri kamar yatsa,
ina zura ta ta wajen haɓa,
in zagaya taya, in datse kwaɗo,
in ja sau biyu, in ja na uku don zuciya ta kwanta.
Ran da na manta na bar ta a rigingine,
damina ta cika min ita fal,
na sa a haka, ruwa na bin wuyana har gindin baya.

Jiya, a hawan gadar Long Bien,
danja ta tsayar da mu, gwiwa na gogar gwiwa.
Sai ga ta biyu.
Na san ta, wannan ƙarzuwar ta gefen hagu
bangon gidanmu ne ya yi mata.
Tana kan wata yarinya mai gyangyaɗi a bayan ubanta,
ta yi mata yawa, ta rufe gira,
an ɗaure ta da igiyar takalmi.

Na buɗe baki.
Wataƙila saya ya yi, a tire, bakin titi.
Wataƙila ba saya ya yi ba.

Na ce, malam, ƙara ɗaure mata, ta yi sako-sako.

Ya juya, ya ɗaure, ya gode.
Yarinyar ta farka, ta nuna agwagwata da yatsa,
tana ƙirga ƙafafun
har aka ba mu hannu.