Sunan da Ke Gaban Ɗigo Biyu

Shagonmu na bayan tashar Jega,
inda warin albasar Aliero kan riga mai ita shigowa.
Kwamfuta uku, janareta ɗaya mai tari,
sai ni, da na gaji kujerar Zayyanu
ban gaji kansa ba.

Shi ya ƙera wa 'yan albasa manhajar lissafi,
buhu nawa ya tafi kudu, wa ya biya, wa ke jan ƙafa.
Da aka zo raɗa wa mahaɗinta suna
bai ɗauko na turawa ba,
sunan innarmu ya sa: gwamma,
sai ɗigo biyu, sai sanda biyu a karkace,
sannan lambar rasit ta biyo baya
kamar ɗan akuya bayan uwa.

Na ce masa, me ke nan?
Ya nuna mini Arzika ɗan kamasho ta taga:
"Wancan bai san tuƙi ba,
amma ka ce Yauri, ya san motar da zai cusa ka.
Haka injin nan yake.
Yana da littafi a ciki, rajista,
kowane suna da ƙofar da ake kai shi."

Ran da aka fara dannawa, allo ya tsaya ya yi tambaya:
ka yarda a buɗe wannan da waccan?
Ƙasa kuma ɗan akwati, wai kullum a yi haka.
Na kai linzami zan cika shi, ya riƙe hannuna.
"Bari ya riƙa tambaya.
Ba duk mai sallama da sunan inna ne ɗan gida ba."

Bara da damina hanyar Koko ta karɓe shi.

Bana injin ya kamu da cuta, aka wanke shi tas.
Na mayar da manhajar daga filashin da ke aljihun rigarsa,
ta buɗe, ta yi mini fari da ido kamar ba abin da ya faru.
Sai ga Hajiya Kulu da saƙo daga yaronta,
buhu tamanin, tana son ganin rasit.
Na danna.
Shiru.
Na sake.
Allo ya ce bai san mai wannan suna ba,
ko in je kanti in nemo wadda za ta amsa.

Kanti!
Matar da ta goya mu, a neme ta a kanti.

"Wanga abu ya lalace ne?" in ji Hajiya.
Na ce a'a, mantuwa ce, ki dawo bayan la'asar.

Na buɗe saiti, na bi jerin sunaye da yatsa:
na wasiƙa yana nan da mai karɓarsa,
na kiran waya, na taswira,
wani ma manhaja biyu ke kokawa a kansa,
wadda ta zo daga baya ta ture ta farko ba sallama.
Namu ne kaɗai babu.

A littafinsa mai bangon kore, shafi na sha ɗaya,
tsakanin bashin fetur da lambar wata Balkisu
da bai taɓa gaya mini labarinta ba,
na ga layi huɗu da rubutunsa mai kwanciya:
ga inda za ka shiga, ga sunan,
ga hanyar da za ta kai shi gida,
kar ka manta alamar zance a gefe da gefe.

Na manta. Sau biyu.
A na uku, ana kiran salla a masallacin tasha,
allo ya ɗago ya tambaye ni:
ka yarda gwamma ta buɗe?

Ɗan akwatin yana nan ƙasa, fanko, yana jirana.
Na bar shi yadda yake.
Na ce na yarda.
Buhu tamanin, an biya sittin da biyu.
Gobe ma zai tambaya,
in sake jin sunan daga bakin wani.