Lanƙwasar Ƙa

Talata ce, zauren majalisar ƙaramar hukuma ya cika,
fanka ɗaya ke juyi, ita ma tana kukan tsufa.
Shekara ashirin da rasuwar Malam Iguda Rimin Tsiwa,
kansiloli sun sha sitati, yau za a yabe shi a hukumance.

Ni ne akawu. Nawa in rubuta abin da aka faɗa,
ko da mai faɗin bai san abin da ya faɗa ba.

Kansila Barau ya miƙe, ya gyara zaman hula,
ya ce Malam rimi ne, ya ce Malam dutsen Kufena ne,
ya ce ya karance littattafansa bakwai kaf.
Tara ne. Na yi shiru, na rubuta bakwai.
Wani ya ce ƙauyensu ne asalin kakan Malam,
wani ya buga tebur ya ce ƙarya ne, nasu ne,
har sai da shugaba ya ɗaga guduma.
Mutumin da ya rasu ana binsa kuɗin ɗab'i,
yau gundumomi uku ke rigimar gadonsa.

Aka tashi tsit na minti ɗaya.
Wayar wani ta yi kiɗa a aljihu, aka haƙura da rabi.

Sai ga takardar ƙuduri a gabana, mai hatimi:
"Malam Iguda, gwarzon dan kasa."
Ba lanƙwasa ko ɗaya.
Na tuna aji huɗu, makarantar Ƙofar Kuyambana,
alli a gemunsa, jan biro a bayan kunnensa,
yana jan kunnena a hankali:
"Yaro, ƙasa uwa ce, kasa maciji,
tsakaninsu ƙugiya ce guda, kada ka yi mata rowa."

An amince a sa wa wani lungu sunansa,
an yi tafi, an raba ruwan leda da goro.
Motoci sun fice ta Ƙofar Doka.

Na zauna ni da fankar nan.
Na ciro jan biro daga aljihun gaba,
ina bin takardar layi layi,
ɗa, ƙa, ɓa,
ina mayar wa kowane harafi ƙugiyarsa.
Ladan ya kira La'asar ina shafi na biyu.
Saura uku, Malam. Ka yi mini haƙuri.