Fili a Sama

Kyari kafinta ya zo da hantsi,
fensir a bayan kunne, igiyar awo a aljihu.
Ya tsaya tsakar ɗaki ya ɗaga kai
kamar mai duban wata,
ya ce, "Baba Tanimu, ƙasa ta ƙare maka,
amma kana da fili a sama."

Gaskiyarsa.
Laminu na dawowa daga Arlit da mata da 'ya'ya uku,
ɗakin ajiya zai koma ɗakin mutane,
tarkacen shekara arba'in kuwa
ba shi da ƙafar fita neman wurin zama.

Muka tafi Kasuwar Dole.
Katako goma sha ɗaya, biyu a karkace.
Mai shago ya rantse rana ce ta lanƙwasa su,
na ce to ranar ta rage mini kuɗi.
Jaka ashirin da takwas, har da ƙusa kilo guda.
Amalanke ya jawo su ta lungunan Birni
suna gogar bango, yara na biye,
jakin na tafe yana fama.

Ya huda bangon wuri shida,
jar ƙasa ta zubo bisa gadona.
Ya gitta giginya uku, ya liƙe da laka,
sai guduma ta karɓe zancen,
har Falmata ta leƙo ta katanga
tana tambaya ko jirgi muke ƙerawa.
Jemage biyu, da ban san muna ɗaki ɗaya ba,
suka fice ba sallama.

Da la'asar aka fara miƙa kaya.
Akwatin ƙarfe mai takardun lakwal na yara.
Kan keken ɗinkina, da ido ya raba mu.
Jeren langar Barira, bakwai cif,
ba a taɓa zuba miya a ko ɗaya ba,
tana adana su don wata rana
har tata ranar ta riga zuwa.
Jarkoki dai na ce a bar su ƙasa.
A Damagaram ba a nesanta jarka da hannu,
ba ka san daren da famfo zai yi tari ba,
unguwa ta tashi da gudu, kafin ka sauko an gama.

Kyari ya hau, ya yi tsalle sau biyu,
ya ce zai ɗauki buhun gero goma.

Na kama tsani in gani da idona.
Taki ɗaya. Biyu. A na uku gwiwa ta ce a'a.
Na tsaya nan, ban hau ba, ban sauka ba,
hannuna bisa itace mai ƙamshin sabon yanka,
na gane abin da awonsa bai faɗa ba:
duk abin da na miƙa yau
ba ni zan sauko da shi ba.
Wani yaro da bai san muryar Barira ba
zai hau wata shekara, yana share yana daga fuska,
ya ɗaga murfi ya leƙa,
ya ce, "Wannan na wa ne kuma?"

Sai na ce a maido mini ƙaramar,
mai shuɗin fure, wadda murfinta ya lotsa.
Kyari bai tambayi dalili ba.
Na zuba goro a ciki.

Dare.
Azarar da nake ƙirgawa kafin barci ta ɓuya,
ashirin da uku, na san mai tsaga, na san wadda gara ta taɓa.
Yanzu katako ne, kamu huɗu daga hancina,
da duk abin da na tara jibge bisa kaina,
yana ƙara kaɗan-kaɗan, yana gyara kwanciya.
Can na ji ƙafafu, ƙanana, masu sauri.
Ɓera ya riga Laminu tarewa.
Na ce masa, sannu da zuwa,
taka a hankali dai,
akwai kayan mutane a sama.