Ƙarfen Fansa

Ƙarfe biyu na dare a Garin Malam,
wuta ta dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Na buɗe na'ura, na zuba teku a ciki,
ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba
in ban da tafkin Gidimuni, shekarar da muka je biki.

Ga ƙafafun dandamali tsaye a allo,
huɗu, kowace ta fi hasumiya tsawo,
rijiyar mai a ƙarƙashinsu,
can wata gaɓa da ban san warinta ba.
Kamfani ya aiko tambaya ɗaya tak:
shekara nawa kafin gishiri ya gama da su?

Na yayyanka ƙarfen kamar naman tsire,
yanki dubu arba'in, kowanne da lissafinsa.
Na ba ruwa gishirinsa, na ba shi sanyinsa,
na ce wa shekaru, ku wuce in gani.
Shuɗi lafiya ne.
Ja kuwa, tsatsa ce ta sa baki.

Ita ba ta sallama.
A mahaɗa take farawa,
daidai inda mai walda ya tsaya shan iska.

Maganinta tsoho ne:
a manna wa ƙafar wani ƙarfe mai sanyin hali,
tutiya ko sanholo,
ruwa ya ci shi, ya ƙyale babban.
Shi ya zaizaye, dandamali ya tsaya.
Nawa aikin in faɗi guda nawa, a ina, da nauyin kowanne.

Kafin kiran farko na ji kukan kura a lungu.
Yaya Kiyari ne, jarka goma sha biyu,
ya riga layi zuwa famfo.
Garinmu dutse ne, ruwa baƙo.
Da dala-dalar nan aka biya mini lakwal,
da kuɗin mota zuwa Yamai,
da wannan na'urar ma, ta hannu,
mai tsaga a kusurwar allo.

Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka.
Talatin da huɗu gare shi,
yara a kasuwar Dole suna ce masa Baba.

Lissafi ya ƙare.
Guda ɗari biyu da sittin, shekara ashirin da biyar,
sannan masu nutso su sauka su sake sababbi.
A rahoto har gurbi aka ware:
ranar canji.

Ya turo ƙyaure da ƙafa.
"Yagana, tekun naki bai cinye mu ba?"
Ya juye jarka biyu a randa,
ya tsiyaye har ɗigon ƙarshe.

Na ce, "Gindin kurarka ya yi ja."
Ya leƙa, ya kankare da farce,
ya ce, "Za ta kai damina."

Na tura rahoton.
Na ɗauko moɗa, na cika ta,
na miƙa masa kafin ya tambaya.