Agogon Kunne

Tun da yana ta rufe mini ido
na daina tambayar jikata ƙarfe nawa.
Iztapalapa kan gaya mini da bakinta.

Hantsi na Nabor ne, mai wasa wuƙa,
da tsohon kekensa da 'yar sarewar roba.
Sautin ya hau tsani a guje,
ya ɗan tsaya a sama kamar ya yi mantuwa,
sannan ya gangaro.
Ko wuƙata ba ta dakushe ba nakan miƙa masa,
don kuɗin wasawa ba su kai
darajar hirar da nake samu a bakin ƙofa ba.

Mai kawo wasiƙa busa biyu yake yi, gajeru.
Da can zuciyata kan riga ƙafata fita.
Yanzu takardar wuta ce, ko ta ruwa.
Ɗana na Chicago ya koma waya.

Almuru kuwa sai Cipriano.
Amalankensa tanda ce mai taya,
in ya buɗe wa tururi hanya
sai ta tsala ihu, dogo, siriri,
kamar an taka wa dare wutsiya.
Karnukan layi su amsa.
Baƙo ya dafe ƙirji,
mu kuwa yawunmu ya tsinke:
dankali ya gasu, ayaba ta yi laushi,
saura a kwarara madara.

Can tsakar dare mai gadi ya wuce,
busarsa a sanyaye, ba gaggawa.
Ina nan, in ji ta, juya ka kwanta.

Akwai wani usur da ba wanda ke ji.
Yana wuyana, zare ɗaya da gicciyena,
jan roba, gefensa duk sawun haƙori.
Na Efraín ne, yana ɗan shekara biyar.
Ƙwacewa na yi don ya cika mini kunne,
na jefa a aljihun riga, na manta.

Da safiyar nan ƙasa ta girgiza.
Bene huɗu ya durƙusa a kanmu.
Na yi kira har murya ta ƙare,
ƙura ta toshe abin da ya rage.
Daga baya aka ba ni labari
masu tono kan ɗaga dunƙulallen hannu
sai titi gaba ɗaya ya yi tsit.
Ni ban ga hannu ba.
Shirun kawai na ji, ya sauko har inda nake,
na laluba aljihu da yatsu biyun da ke motsi.

Kwana ɗaya da wuni suka bi wannan 'yar ƙara.
Efraín yana makaranta, Allah ya tsare.
Anselmo, bango ɗaya tsakaninmu,
ba komai a aljihunsa sai ashana.

Jiya maƙwabciyata Remedios ta leƙo tana mita,
wai yaran bene sun samo usur,
tun asuba sun hana ta sakat.
Na ce, na ji su.
Wane ne mai ja har numfashinsa ya ƙare?
Ta ce ƙaramin Chucho.
Na ce, turo mini shi, ina da alewa.