Ƙwaurin Gariba Mai Guga

In na taka jiƙaƙƙen siminti a bakin famfo
sawuna kan fito cif, kamar an kifa faranti,
babu ɗan lungun da ƙafafun mutane ke bari
don tururuwa ta wuce.
Haka aka haife ni, haka na tsaya
shekara talatin da ɗaya a Aboabo
ina goge wa jama'a kayan Juma'a.

Da la'asar ƙwaurina ke fara magana.
Ba ihu ba, gunaguni,
irin na yaron shago da aka manta da kuɗin tuwonsa.

Sahura ce ta gaji da dafa ruwan gashi
ta tura ni Komfo Anokye.
Wata 'yar Asante, Madam Boakyewaa,
ta aske mini gashin ƙafa ko kunya babu,
ta manna wayoyi a ƙwauri da sha-raɓa,
ta ce je ka, dawo, sake.
A allo na ga zane yana hawa kan zane
kamar Kejetia ranar jajibiri.
Ta ce, "Baba, tsokarka ce wannan.
Tana tallafe gadar da ba a gina ba,
aikin mutum biyu take yi."

Sai ta zura wani ɗan matashi a takalmina,
tudunsa bai fi bayan cokali ba.
Je ka, dawo.
Zanen ya rage tsalle, ba duka ba.
Wani can gefe, da ke gyangyaɗi tun ɗazu,
ya ɗaga kai ya karɓi nasa kason.
Ta ce ba kowa yake yi wa haka ba,
in saba da shi a hankali.

Makon farko tsakuwa ce, wallahi.
Sau biyu na cire shi na jefa ƙarƙashin tebur,
sau biyu Mubarik ya ɗauko ya kaɗe.
Shi ke hura gawayi, shi ke kai kaya Asawase,
shi ke ɗebo ruwa, shi ke bin bashi.
Ranar na dube shi da kyau.
Na ce gobe ya zo da ƙanensa.

Yanzu sai bayan isha ƙwaurin ke yin tari,
shi ma a takaice.

Sawun dai bai canja ba.
Da asuba na cire takalmi zan yi alwala,
ga faranti nan a kan siminti,
tururuwa na zagayawa.